HAƘƘIN ƊAN GUDUN HIJIRA A KAN MAI MASAUKI: ABIN DA MUKA GANI A MARAƊI

(Matanin laccar da aka gabatar a garin Tsanyawa, Jihar Kano)



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku iyayenmu malamai da dagatai da masu unguwanni, da sauran 'yan'uwa maza da mata, maganar da ta tara mu a yau magana ce da muka daɗe muna jin ta a rediyo kamar labarin wata ƙasa. Da farko daga Barno muke jin ta, sannan ta matso Zamfara, ta shigo Batsari da Jibiya da Faskari. A watannin ƙarshe na 2025 kuwa sai ga 'yan bindiga suna ƙetaro iyakar Katsina suna afka wa ƙauyukan Shanono da na Tsanyawa, har wasu iyalai suka bar gidajensu. Wato yanzu wanda ake kira ɗan gudun hijira yana iya zama surukinmu ne, ko wanda muke cin kasuwa ɗaya da shi.

Ba mu zo mu koya wa mutanen Tsanyawa ciyar da baƙo ba, domin wannan an gada. Abin da muke so mu duba shi ne abin da ke faruwa bayan mako na farko, lokacin da tuwon maraba ya ƙare, rumbun mai gida ya fara sauka, baƙon kuma bai ga hanyar komawa ba.

A wajen hukuma ana rarrabe mutum biyu. Akwai wanda ya ƙetare iyaka ya shiga wata ƙasa, wanda yarjejeniyar Janeba ta 1951 da ta ƙasashen Afirka ta 1969 suka yi magana a kansa. Akwai kuma wanda aka tasa daga garinsu amma bai bar ƙasarsa ba, shi ne yarjejeniyar Kamfala ta 2009 ta ɗauka. Nijeriya tana da hukumar 'yan gudun hijira tun 1989. Wannan rarrabewa tana da amfani a ofis, amma ga matar da ta goyo ɗa ta riƙo wani a hannu, yunwar iri ɗaya ce.

Mu ɗauki misalin da ya fi kusa da mu. A 2019 hare-hare suka tsananta a gabashin Jihar Sakkwato, musamman Sabon Birni da Isa, da sassan Zamfara da Katsina. Jama'a suka riƙa kwarara cikin Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, mafi yawansu mata da yara, galibi zuwa yankin Gidan Rumji. Kafin ƙarshen shekarar sun kai kimanin 40,000. A watan Afrilu na 2020 kaɗai, bisa ƙidayar Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wasu kimanin 23,000 suka sake ƙetarawa, jimilla ta haura 60,000.

Su wa suka tarbe su? Talakawan ƙauyukan bakin iyaka ne, tun kafin motar agaji ko ɗaya ta iso. Suka buɗe musu ɗakuna da zauruka da rumfuna. Wanda ya san tarihi ba zai yi mamaki ba. Maraɗi kanta zuriyar sarakunan Katsina ne suka kafa ta bayan da birninsu ya fita daga hannunsu a 1807, shi ya sa har yau ake kiran sarkinta Sarkin Katsina. Tsibiri kuma Gobirawa ne suka zauna a cikinta bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Saboda haka Bagobirin Sabon Birni da ya gudu ƙasar Tsibiri wajen danginsa ya je. Iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata ba ta raba harshe ba, ba ta raba aure ba.

Amma zumunci ba ya ƙara ruwa a rijiya. Ƙauyen da rijiyarsa ke isar mutanensa da ƙyar ya wayi gari bakunan sun ninka. Itacen girki ya yi wuya, ɗakin shan magani ya cika, ga kuma 'yan bindiga suna iya biyo sawu tunda iyakar tana nan kusa. Sai gwamnatin Nijar da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya suka ɗauki wata hanya da ta cancanci a tsaya a kanta. Maimakon su kafa sansani mai shinge a tara mutane suna jiran rabon abinci, sai suka zaɓi ƙauyuka uku da ke nesa da iyaka, wato Ɗan Dajin Makau da Garin Kaka da Cadakori, suka mayar da waɗanda suka yarda can, a jikin mutanen gari. Rijiyar burtsatse da makaranta da asibitin da aka gina na kowa ne, baƙo da ɗan gari. A Garin Kaka mata 'yan gudun hijira da matan gari sun haɗa ƙungiyar matsar man gyaɗa, suna sayarwa suna raba riba. Hikimar a fili take: idan baƙo kaɗai ake kawo wa buhu, ɗan garin da shi ma bai ƙoshi ba zai fara jin haushi, daga nan sai gaba. Ba mu ce komai ya daidaita a can ba. Da yawa ba su bar ƙauyukan iyaka ba, tallafin waje kuma yakan zo ya yanke. Amma tushen da aka ɗora abin a kai daidai ne.

Mu Musulmi ba baƙon abu ba ne wannan a gare mu, tunda lissafin shekarunmu ma daga hijira ya fara. Da Muhajirai suka isa Madina sun baro gidaje da dukiya a Makka, Manzon Allah (S.A.W.) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da Ansaru, mutum da mutum. Ansaru suka nemi a raba gonakinsu na dabino biyu, bai amince da raba asalin gonar ba, aka daidaita a kan aiki da rabon amfani. Sa'adu ɗan Rabi'u (R.A.) ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Ya fara da cuku da man shanu, bai jima ba ya yi aure da kuɗin hannunsa. Mai masauki ya buɗe hannu iyakar buɗewa, baƙo kuma ya ƙi zama ɗan a-ba-ni.

To, a nan ne za a ce da mu: Malam, Madina daban, Tsanyawa daban, mu nan ina gonar take? Gaskiya ne, kuma ba za mu kauce wa tambayar ba. Ƙasarmu ta arewacin Kano a cike take. Babu dajin da za a sara, babu saura da ake bari ta huta. Gona ɗaya ake nomawa shekara da shekaru, taki da toka da kashin awaki ke riƙe da ita, gero da dawa da wake da gyaɗa duk a kunya ɗaya. Gado ya yayyanka ta har wani magidancin abin da yake samu ba ya kai shi wata shida, sai ya tafi ci-rani. Wanda ya ce a yanka wa kowane baƙo gona a nan bai san wurin ba.

Sai dai kakanninmu sun bar mana hanyoyin da mara gona ke noma. Akwai aro, akwai haya, akwai noma-mu-raba. Akwai gonakin 'yan birni, ma'aikata da 'yan kasuwa mazauna Kano, waɗanda rabinsu ciyawa ke ci. Akwai na tsofaffi da na marayu da ba su da mai ƙarfin noma. Abin da ke hana mutane bayar da aro tsoro ne: kada shekara uku ta wuce wanda aka ara wa ya ce tasa ce, ko ya rasu 'ya'yansa su sa ta cikin gado. Maganin wannan tsoro takarda ce da shaidu. A rubuta iyakar gona, da yawan daminar da aka bayar, da wanda zai zuba taki, da yadda za a raba amfani, mai unguwa da liman su sa hannu. A nan akwai zaluncin da ya kamata a ambata da sunansa: a ba mutum gonar da ta mutu, ya kwashe shekara biyu yana jido taki a kan jaki, ranar da ta farfaɗo a ce a ba mu abinmu. Wanda ya yi haka ya ci gumin mai rauni, ko da kuwa ba a kai shi gaban alƙali ba.

Sannan iri. Manomin da ya gudu da dare bai ɗauko damin irinsa ba. Idan aka kawo masa iri bayan ruwa ya zauna da wata guda, an kawo masa abinci ne kawai. A tanada tun kafin watan Yuni, kuma irin da ya saba da ƙasarmu. Masu noman rani a wajen madatsar Watari ta Ɓagwai da sauran fadamu su tuna da su idan suna neman ma'aikata, su biya su ladan da suke biyan ɗan gari. Rage wa mutum lada don an san ba shi da zaɓi ba ciniki ba ne.

Ba kowa ne manomi ba. A cikin waɗanda suka gudo akwai maƙeri da baduku da tela da mahauci da wanzami, akwai mai ƙuli-ƙuli da mai daddawa da mai saƙar tabarma. Sana'ar tana hannunsu, kayan aikin ne suka ƙone. Kuɗin uwar maƙera da zugazugi, ko keken ɗinki, ko kaskon suya, bai kai abin da za a kashe wajen ciyar da gidan shekara guda ba. Nan zakka ke shigowa. Nisabin hatsi sa'i 300 ne, ana fitar da ɗaya bisa goma a noman damina, rabin haka a wanda aka shayar da wahala. Malaman Malikiyya sun halatta a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara, na Shafi'iyya kuma sun yi bayanin a ba mai sana'a abin da zai sayi kayan sana'arsa. Mu kuwa mun saba watsa zakka mudu-mudu ga mutum ɗari, kowa ya ci kwana biyu ya dawo inda yake. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, amma kwamitin masallacin unguwa shi ya san wa ke kwana a zauren wa. Ga mata kuma akwai al'adar Fulani ta habbanaye, wadda ƙungiyoyin agaji suka ara a Nijar: a ba mace akuya ta riƙe, idan ta haihu ta ɗauki 'ya'yan ta mayar da uwar. Iyayenmu mata su sa su cikin adashi, kada a ce baƙuwa ce za ta gudu da kwasa.

Akwai wani rashi da ba a auna shi da mudu. Littattafan tarihi sun ruwaito cewa Bilalu (R.A.), da zazzaɓin Madina ya kama shi, ya riƙa ambaton kwaruruka da duwatsun Makka saboda bege. In Bilalu ya yi kewar gida, ina ga tsohuwar da aka raba da kabarin mijinta? Mutumin da ya bar garinsu ya bar limaminsa da malamin allon 'ya'yansa da maƙwabcin da zai tsaya masa ranar suna. Idan suka zo da malaminsu, a ba shi rumfa ya ci gaba da karantarwa. Idan suna da dattijon da suke jin maganarsa, dagaci ya riƙa bi ta kansa. A bar su su yi gayyarsu da sunansu da aurensu yadda suka saba, matuƙar bai saɓa wa shari'a ba, kuma mu halarta. An ruwaito mutanen Habasha sun yi wasansu na masu a masallacin Madina ranar idi, Manzon Allah (S.A.W.) bai hana ba. A ba su wuri a maƙabarta ba tare da ja-in-ja ba. Yaranmu kuma a kwaɓe su daga kwaikwayon Sakkwatanci ko Katsinancin yaran baƙi don dariya, domin yaron da ake yi wa dariya a aji ba ya komawa makaranta, bara yake tafiya. Mutanen Sarkin Musulmi Attahiru da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 sun kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan, jikokinsu suka riƙe harshensu da karatunsu fiye da shekara ɗari. An ba su wurin zama ne aka ƙyale su da shugabanninsu.

Mun san akwai fargaba, kuma tana da dalili. Ana tsoron masu kai wa ɓarayi rahoto su saje da baƙi. Hanyar ita ce duk wanda ya sauki baƙo ya kai shi wajen mai unguwa, a rubuta sunansa da garinsu da wanda ya san shi, abin da ya fi ƙarfin gari a miƙa wa hukuma. Amma a zargi mutum saboda kamanninsa ko harshensa, wannan ba tsaro ba ne. Fulani makiyaya da yawa an kwashe musu shanu, sun gudo kamar kowa. Haka nan muna jan kunnen masu zagayawa suna neman 'yan matan baƙi da sadakin wulaƙanci, su saki bayan wata biyu. Waliyyan da ke cikin ƙunci a tsaya musu, liman kada ya ɗaura sai ya bincika.

Dattawan da ke nan sun tuna farin 1973 da na 1984, lokacin da Buzaye da Hausawan Nijar suka cika hanyar nan ta Katsina zuwa Kano. A 1984 iyaka tana rufe, har mutanen Maraɗi suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. 'Ya'yan waɗannan mutane ne suka buɗe wa namu ƙofa a 2019.

Abin da muke roƙo kafin damina mai zuwa shi ne kowane masallacin Juma'a a wannan ƙaramar hukuma ya san adadin gidajen baƙin da ke ƙarƙashinsa da sana'ar kowane magidanci, ya kuma nemo masu gonakin da ba a nomawa ya ji ta bakinsu. Masu ilimin shari'a a cikinmu su rubuta takardar aro guda ɗaya da Hausa, boko da ajami, a raba wa masu unguwanni.