Madarar Gwangwani da Ciyar da Jariri Cikin Dare

Jawabi ga iyaye mata da maza na azuzuwan yaƙi da jahilci a Tafoki da ƙauyukan kewaye, cikin Ƙaramar Hukumar Faskari.



Wannan jawabi a kan jaririn da bai sami nonon uwa ba ne. Wani uwarsa ta rasu wajen haihuwa. Wani uwarsa tana kwance a asibitin Funtuwa ko na Ƙanƙara, ko kai ba ta iya ɗagawa. Wani kuma tashin hankalin 'yan bindiga, wanda ya addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara a shekarun nan, shi ya raba shi da ita. Sai a wayi gari kaka ko goggo ta rungumi jinjiri ɗan kwana uku, yana ta kuka, ba ta san abin da za ta ba shi ba.

Kafin a kai ga gwangwani

Babu abincin da ya kai nonon uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwarsa, a ba shi nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi, sannan a haɗa da abinci har shekara 2. Dakashin nan da wasu ke matsewa su zubar, wai ƙazanta ne, shi ne rigakafin farko na jariri.

Don haka uwar da take da rai da lafiya, kada ta yi saurin cewa nononta ya yi kaɗan. Tsotso ke kawo ruwan nono. In jariri ya yawaita tsotso, nono ya ƙaru. In aka ƙosar da shi da madara, sai ya rage tsotso, nonon ya ja baya, har abin da ake tsoro ya tabbata. Tsotson dare ma ya fi kawo nono. Matar da ta firgita ta kwana a daji, nononta kan ɗauke na ɗan lokaci, amma bai ƙafe ba. Ta ci abinci, ta sha ruwa, ta ci gaba da sa yaron, zai dawo.

In uwa ba ta nan, a fara duba dangi da maƙwabta. Shayar da ɗan wata ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Halimatu Sa'adiyya ce ta shayar da shi. Sai dai a kai mai shayarwar asibiti a auna jininta tukuna, kuma dangi su riƙe cewa 'yan'uwantakar shan nono ta shiga tsakani, saboda maganar aure nan gaba. Macen da ta yaye ɗanta ma, nono kan dawo mata in jariri ya dinga tsotso kullum, dare da rana.

Idan duk wannan bai samu ba, to, sai gwangwani. Madarar jarirai ta ceci marayu masu yawa. Amma ta hallaka wasu masu yawa a wuraren da ruwa ba shi da tsabta. Shi ya sa a shekarar 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar hana tallarta ga iyaye mata, Nijeriya kuma ta kafa tata dokar a 1990. Hukumar NAFDAC ce ke sa ido a kan wannan.

Wace madara, kuma nawa?

Madarar shayi, ta leda ko ta ruwa, ba abincin jariri ba ce. Fara ce dai kamar waccan, kuma ta fi araha, amma kallon kitse ne ake yi wa rogo. Madarar saniya da ta akuya ma sun yi wa cikin sabon haihuwa nauyi. Abin da ake nema shi ne madarar jarirai mai lamba 1, wadda aka rubuta a jikinta cewa ta ɗan wata 0 zuwa 6 ce. A duba lambar NAFDAC. A duba ranar lalacewa. Gwangwanin da ya lotsa, ko ya yi tsatsa, ko aka riga aka buɗe ana aunawa a leda, a bar wa mai shago kayansa.

Sannan maigida ya zauna ya yi lissafi tun kafin a fara. A wata 6 na farko jariri ɗaya yana shan garin madara wajen kilo 20. Wato gwangwani 40 in mai giram 500 ne, ko gwangwani 50 in mai giram 400 ne. Ya tambayi kuɗin ɗaya a Funtuwa, ya ninka, ya ga buhun masara nawa ke nan. Ban da gawayi da sabulu. Wannan lissafi ba don a tsorata kowa ba ne. Don dangi su san nauyin ne, su raba shi tun da wuri, ɗan'uwan da ke Kano ko Kaduna ya ɗauki nasa kason.

Domin abin da ke faruwa in ba a yi lissafi ba sananne ne. Gwangwani ya kusa ƙarewa, kasuwa sai jibi, kuɗi babu. Sai mai reno ta rage cokali ta ƙara ruwa, don ya kai. Ba mugunta ta yi ba, dabara ta ga ta yi. Amma cikin yaro ya cika da ruwa, jikinsa bai sami komai ba. Ana ganin yana sha, yana ramewa, har a fara zargin maita ko iska. Wata kuma don ƙauna sai ta ƙara cokali, wai ya yi ƙiba da wuri. Wannan yana wahalar da ƙodarsa, ya busar masa da jiki. Awon da aka rubuta a gwangwani shi za a bi. A yawancinsu, cokalin da ke ciki ɗaya, a shafe ba tozo, shi ke tafiya da ruwa mililita 30. Ruwa ake fara zubawa, gari ya biyo baya.

Jaririn da ya wuce kwanakin farko yana bukatar mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini da kwana. Mai kilo 3 ke nan zai sha wajen mililita 60 sau 8. A satin farko abin bai kai haka ba, a hankali ake ƙarawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki kofi a je wurin ma'aikaciyar lafiya, ta auna ruwan, ta sa alama a jikin kofin.

An ce kofi, ba a ce fida ba, wadda wasu ke kira bulumboti. Fida tana da lungu, bakin robar nan kuma yana riƙe tsohuwar madara, ƙuda na bi. Wanke ta sosai sai da buroshi da tafasawa kowane sha. Ƙaramin kofi kuwa sabulu da ruwan zafi sun ishe shi, ido yana ganin cikinsa duka. Jariri ɗan kwana ɗaya ma yana iya sha da kofi.

Inda gizo ke saƙa

Da rana kowa yana iya kiyaye ƙa'ida. Akwai haske, akwai wuta a murhu, akwai masu taimako. Da dare ake yin ɓarna.

A ɗauki misalin wata kaka mai renon jikanta maraya cikin hunturu. Ƙarfe biyu na dare yaro ya farka. Sanyi ya sauko, murhu ya mutu, ita kuma tun asuba take tsaye. Fita tsakar gida hura wuta a wannan lokaci ba ƙaramin aiki ba ne, balle a garin da ake kwana da kunne ɗaya. To, sai ta yi abin da kowa zai yi tunani. Tun bayan lisha ta dama madara mai yawa, ta zuba a filas, yaro na motsi ta tsiyaya masa. Ko kuwa ragowar da ya bari ƙarfe goma, ita za ta miƙa masa ƙarfe biyu.

Nan ne haɗarin yake. Duk macen da ta taɓa barin madarar shanu ta kwana a ƙwarya ta san abin da ta tarar da safe. Ƙwayoyin da ido ba ya gani ne suka yi wannan aiki. Madara mai ɗumi ita ce gonarsu, cikin 'yan awoyi kaɗan sun hayayyafa. Garin madarar kansa, ko sabon gwangwani ne, yakan zo da 'yan ƙwayoyin cuta a ciki. Babba zai sha ya tashi lafiya. Jinjiri ɗan sati biyu kuwa gudawa da amai za su kama shi, kuma ruwan jikinsa ba shi da yawa. Kafin a sami mota zuwa Funtuwa, mai aukuwa tana iya aukuwa.

Saboda haka filas na ruwan zafi ne kawai. Damammiyar madara ba ta shiga filas. Madarar da aka dama, in ta kai awa 2, ta tashi daga abincin jariri. Wadda ya sa baki ya rage kuwa ba a ajiye masa ita. In ana jin asarar zubarwa, babban yaro ko mai renon ta shanye nan take.

Ga yadda kakar nan za ta shirya darenta ba tare da ta fita ba. Kafin ta kwanta, ta tafasa ruwa ya yi tafasa sosai, ko na rijiya ne, ko na burtsatse, ko na leda. Ta cika wankakken filas da shi tun yana tururi, ta rufe. Filas mai kyau in ya cika yakan riƙe zafi awoyi da dama, kuma zafin ake so, don masana sun ce ruwan damu kada ya gaza digiri 70, shi ne ke kashe ƙwayoyin da ke cikin garin. Ta wanke kofuna biyu ko uku da cokali, ta ɗauraye da tafasasshen ruwa, ta kife su cikin kwano mai murfi. Ta ajiye gwangwani, da tocila, da sabulu, da buta, da ƙaramar roba mai ruwan randa, duka kusa da gado inda yara ba za su kai hannu ba.

Yaro na farkawa, ta wanke hannu da sabulu, ko da sanyi. Ta haska tocila, ta zuba ruwan zafi daidai alama, ta ƙirga cokali, ta motsa. Ta tsoma gindin kofin cikin ruwan randa har ya huce. Ta ɗiga a bayan hannunta, in ta ji ɗumi-ɗumi ba zafi, ya yi. Duk wannan bai fi 'yan mintoci ba. Yaron zai yi kuka kafin ta gama, amma kukan minti biyar bai taɓa kai yaro asibiti ba.

Ta zauna ta ɗora shi a cinya, kansa a sama. Ta kafa bakin kofin a leɓensa na ƙasa, madara ta taɓa leɓen, shi zai lasa da kansa. Ba ɗura ake yi ba. Ɗura tana sa madara ta bi hanyar numfashi. In ya kau da kai, ya ƙoshi. Ta saɓa shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ta kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro. Mai amfani da fida kuma kada ta tokare ta da tsumma a bakin yaro ta koma barci, yana iya shaƙewa ba wanda ya ji.

Wasu kan ce yaron nan ya cika tashin dare, a zuba masa koko a madara, ko zuma, ko a ba shi maganin mura mai sa barci. Ko ɗaya kada a yi. Cikin jariri ƙarami ne, ko ya yi wata guda bai fi ƙwan kaza da yawa ba. Dole ya farka kusan kowace awa 3. Zuma ma ba a ba yaro sai ya shekara. Wanda ya kamata a damu da shi, shi ne sabon haihuwar da ya wuce awa 4 yana barci bai nemi abinci ba, musamman ƙaramin jariri ko bakwaini. Wannan a tashe shi a ba shi.

Sha sau 8 a yini da kwana, har wata da watanni, ya fi ƙarfin mace ɗaya, balle tsohuwa. Mai gajiya ita ke kuskuren ƙirga cokali. Alhali madarar kofi kowa yana iya bayarwa. A raba daren biyu, wata ta riƙe daga lisha zuwa tsakar dare, wata ta karɓa zuwa asuba. Maigida ma, wanda ke can turaka yana minshari, hannunsa ba zai karye ba don ya riƙe kofi. In ma bai iya ba, gawayi da batirin tocila da filas mai kyau suna wuyansa.

Yaushe za a tafi asibiti?

Jaririn da madara ta karɓe shi yana fitsari sau 6 ko fiye a yini da kwana, nauyinsa yana hawa. Amma in ya fara gudawa ko amai, in ya ƙi sha, in maɗigarsa ta faɗa, in jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, in numfashinsa ya yi sauri, ko ya yi laushi ba ya motsi, ko ya yi jijjiga, to, ba maganar jiƙo ko jira ba ce. A kai shi asibiti mafi kusa da zarar hanya ta samu. Kafin a isa, kada a daina ba shi sabuwar madara kaɗan-kaɗan in yana karɓa, kuma a rungume shi a ƙirji a lulluɓe don ɗumi.

Ranar awo da allurar rigakafi, mai reno ta tafi da katin yaron da gwangwanin da kofin nan mai alama. Yaro yana girma, awonsa yana ƙaruwa, ma'aikaciyar lafiya za ta duba nauyinsa ta matsar da alamar sama.