A Bar Mai Naƙuda da ’Yar Rakiyarta

Shugaban taro, iyayen ƙasa na Dutsin-Ma da Kurfi, malamai, abokan aikina ma’aikatan jinya da ungozomomi, iyayena mata: Lokacin da aka ba ni ba shi da yawa, don haka a yi mini afuwa, zan shiga magana kai tsaye.

An nemi in yi bayani a kan tsarin nan da ake kira HypnoBirthing, wanda ’yan matanmu masu juna biyu ke cin karo da shi a YouTube da TikTok, su zo ranar awo suna tambayarmu. Na amsa gayyatar da hanzari, saboda ina da tsohuwar taƙaddama da wasu da ke zaune a wannan zaure a kan yadda muke karɓar mace a ɗakin haihuwa, yau kuma na samu ƙofa.

Alƙaluman kun san su. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce mata 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma a shiyyar Arewa maso Yamma kashi 16 cikin ɗari ne kacal ke haihuwa a asibiti. Babu taron da ba a karanto mana su ba. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: mece ce ta sa macen da ta zo awo, aka yi mata allura, ta karɓi maganin ƙarin jini, idan ranar ta zo sai ta zaɓi ta durƙusa a ɗakinta? Akwai talauci, akwai nisa, akwai izinin miji. Akwai kuma tsoro, kuma wani kaso na wannan tsoron mu ne muke shuka shi.

Asalin tsarin da aka ce in yi magana a kai yana komawa ga wani likitan Ingila, Grantly Dick-Read, wanda ya buga littafinsa na farko a 1933. Ra’ayinsa shi ne tsoro yana sa jiki ya ɗaure, ɗaurewar jiki tana ƙara ciwo, ciwo kuma ya ƙara tsoro, a yi ta zagaye. A 1989 wata malama a Amurka, Marie Mongan, ta mai da wannan ra’ayi darasi mai suna da littafi da kuɗin shiga. Abin da ake koyarwa bai wuce abu huɗu ba: mace ta san matakan naƙuda tun kafin ta shige su, ta iya sarrafa numfashinta, ta iya sakin gaɓoɓinta da gangan, sannan ta riƙe wasu kalmomi masu kwantar da hankali da za ta riƙa maimaitawa, ko wanda ke kusa da ita ya riƙa faɗa mata. Ba a gusar wa kowa da hankali. Mace tana ji tana gani, tana iya tashi ta sha ruwa. Masu cewa tsibbu ne ko wani nau’in bori su huta.

Hujjar da ke ƙarƙashinsa ta ilimin jiki ce. Sinadarin da ke sa mahaifa ta riƙa murɗawa, wanda shi ne muke sa wa a ruwan naƙuda, jiki yana fitar da shi sosai idan mace tana cikin natsuwa. Idan ta firgita, sinadarin fargaba ya hau, murɗawar na iya yin rauni ko ta rikice. Duk ungozomar da ta daɗe a aiki ta ga macen da ta zo da naƙuda gadan-gadan, tana shiga ɗaki ta ga fuskoki a murtuke, sai abin ya tsaya cak.

To, shin darasin yana aiki? A 2016 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 9 da aka yi a kan mata 2,954. Ta gano cewa mai yiwuwa yana rage shan maganin ciwo gaba ɗaya, amma bai rage allurar kashe ciwo ta baya ba, bai kuma nuna wani bambanci a yawan masu haihuwa da kansu ba. Wani gwaji da aka buga a Ingila a 2015, mai mata 680, shi ma bai ga raguwar allurar baya ba, sai dai matan da aka koya wa sun ce tsoro da fargabar da suka ji ba su kai yadda suka zata ba. Hukuncina ke nan: yana da amfani daidai gwargwado, amma bai kai kirarin da masu sayar da shi ke yi masa ba. Wanda ya ce wa ’yarku za ta haihu ba ciwo idan ta tura masa kuɗi, ya yaudare ta.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku. A cikin tsarin akwai wani sashe da ba a tallata shi, saboda ba a iya sayar da shi: mutumin da ke zaune kusa da mai naƙuda daga farko har ƙarshe. A kan wannan hujja ta yi ƙarfi. A 2017 Meghan Bohren da abokan aikinta suka tattara wa Cochrane gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, mata 15,858. An raba su gida biyu, wasu da mai zama da su ba yankewa, wasu kuma yadda aka saba. Ga abin da ya fito. Masu ’yar rakiya, naƙudarsu ta ragu da kimanin minti 40. Yiwuwar a yi masu tiyata ya ragu da kashi 25 cikin ɗari. Jawo jariri da kayan aiki ya ragu da kashi 10. Buƙatar maganin ciwo ta ragu da kashi 10. Waɗanda suka fito suna tir da yadda haihuwarsu ta kasance sun ragu da kusan kashi 30. Jariran da ke fitowa a galabaice, waɗanda makin lafiyar da ake ba su minti biyar bayan haihuwa ke yin ƙasa, su ma sun ragu. Ba a kuma samu wata illa ba.

A sake duba wannan kashi 25. Ku da kuke aiki a ƙananan asibitocin karkara kun san ma’anar tiyata ɗaya: a nemo mota, a nemo mai ba da jini, a sayar da tunkiya ko buhun gero, a yi addu’a likita yana nan. Da wani kamfani ne ya zo da ƙwayar da ke rage tiyata da kashi ɗaya cikin huɗu, da an kira taro a Katsina, an buga riguna da huluna. Amma da yake maganin gwaggo ce ko yaya, zaune a kan kujera tana riƙe da hannu, sai muka ce ta jira a waje.

Kada wani ya ce mini wannan na Turawa ne. Rabin gwaje-gwajen an yi su ne a ƙasashe masu matsakaicin arziki, ɗaya daga ciki kuma a Asibitin Koyarwa na Jami’ar Ibadan, aka buga shi a 2009, inda masu rakiya suka fi saurin sauka, aka kuma fi ƙarancin yi masu tiyata. Binciken su Bohren ya ƙara nuna cewa raguwar tiyata ta fi fitowa a wuraren da allurar baya ba ta wadata ba, wato irin wurarenmu. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin ƙa’idojinta: kowace mace ta samu abokin zama da ta zaɓa da kanta, a bar ta ta yi tafiya, ta ci ta sha idan ba ta cikin haɗari, ta haihu a yanayin da ya fi mata, a daina yi wa kowa ƙari ba dalili, a daina danna ciki. Takardar tana nan a ofisoshinmu.

Mu dubi abin da ’yarmu ke fuskanta. Yarinya ce mai cikin fari, ta koma gidan iyayenta goyon ciki. Ciwon baya ya fara da la’asar. Ba za ta faɗa ba. Za ta ɗauki tsintsiya, idan ya murɗo ta dafa bango ta cije leɓe, idan ya saki ta ci gaba da shara. Uwarta tana gani ta gefen ido, ita ma kunyar ɗan fari ta hana ta magana. Ungozomar gargajiya, kamar yadda muka sani, sau da yawa sai an haihu ake kiranta, ta yanke cibiya, ta kula da mabiyiya, ta ɗora ruwan wanka. Abokan aikina na cewa mace Bahaushiya jaruma ce, ba ta buƙatar a koya mata natsuwa tunda ba ta ihu. Na ƙi wannan magana. Mai cije leɓe jikinta a ɗaure yake tamau, numfashinta a riƙe. Shirun kunya shi ke ɓoye doguwar naƙuda har kwana biyu, ƙarshensa kuma mun san inda yake kai mace: asibitin Babbar Ruga, layin masu yoyon fitsari.

Idan ta yi sa’a aka kai ta asibiti, me take tararwa? A karɓi katinta, a tsayar da wadda ta rako ta a baranda. A ce ta hau gado ta kwanta rigingine, alhali duk matan gidansu a kan gwiwa suka haihu. Ba wanda ya gaya mata bakin mahaifa sai ya buɗe santimita 10, ko yanzu yana nawa. Idan ta yi nishi da ƙarfi a daka mata tsawa, wani lokaci har da maganar da ba ta faɗuwa a wannan zaure. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019, wanda aka yi a Najeriya da Ghana da Gini da Myanmar, ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na mata sun gamu da duka ko zagi ko wulaƙanci a lokacin haihuwa, kuma ƙananan yara mata marasa karatu sun fi shan sa. Wannan yarinya za ta koma ƙauye ta ba da labari a gidan suna, mata ashirin su ji.

Na san amsoshin da ake ba ni, na daɗe ina jin su. Wai ɗakin ƙanƙane ne, gadaje uku a jere, ba sirri. Labule nawa ne? Wai ’yar rakiya za ta shigo da datti. Ga sabulu ga ruwa. Wai za ta ɗura wa mai naƙuda jiƙo a ɓoye. Ai wadda ke gabanka ka fi iya sa mata ido a kan wadda ka kora waje. Wai ma’aikata sun yi kaɗan. Haka ne, kuma shi ya sa ake buƙatarta, don ungozoma ɗaya da ke kula da mata huɗu cikin dare ba za ta iya shafa bayan kowacce ba. Abin da ba a faɗa shi ne, idan akwai shaida a ɗaki, hannu ba ya saurin ɗagawa.

Game da kalmomin kwantar da hankali, ba sai mun aro ba. Matanmu suna da zikiri da salati da addu’o’in da suka haddace tun suna yara. Suratu Maryam ta ba mu labarin naƙuda a gindin dabino, da yadda aka lallashi mai ita, aka umarce ta da ci da sha. Abin da za mu ƙara shi ne a haɗa zikirin da numfashi. Idan ciwo ya taso, ta ja iska ta hanci a hankali, ta sake ta ta baki a tsawon da ya fi na ja, ta saki kafaɗu da muƙamuƙi da tafin hannu. Idan ya lafa ta kurɓi ruwa ta huta. ’Yar rakiya ta danna mata ƙugu da tafin hannu, tana tuna mata. Wannan minti goma ne a ranar awo, amma sai an maimaita shi a gida kullum kafin ya zauna.

Gargaɗi ɗaya, kuma da babbar murya. Numfashi ba ya tsayar da zubar jini, ba ya maganin jijjiga, ba ya gyara kwanciyar jariri. Jini, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, kumburin fuska, faya ta fashe ba naƙuda, ɗa ya daina motsi, naƙudar da ta wuce awa 12: duk wannan asibiti ne, ba jira. A yankinmu kuma mun san dare ba na tafiya ba ne a hanyoyi da yawa saboda rashin tsaro, mun kuma tuna 2021 da aka katse layukan waya a Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari. Shirin haihuwa a nan dole ya haɗa da inda mace za ta kwana idan watanta ya kama.

Shawarwarina biyar ne, babu sabuwa a ciki. Na ɗaya, Ma’aikatar Lafiya da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Katsina su fitar da umarni a rubuce cewa kowace mai naƙuda tana da haƙƙin mace ɗaya da ta zaɓa, a manna shi a ƙofar ɗakin haihuwa da boko da ajami. Na biyu, daga wata na bakwai mace ta riƙa zuwa awo da wadda za ta raka ta, a koya masu tare, a zagaya da su su ga ɗakin. Na uku, a jawo ungozomomin gargajiya a horar da su a matsayin ’yan rakiya, a riƙa ba su ɗan abin hasafi kan kowace macen da suka kawo. Na huɗu, makarantun koyon jinya da ungozoma su sa iya magana da mai naƙuda cikin jarrabawa, wadda ta faɗi ta maimaita. Na biyar, Jami’ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita su tura ɗalibai su tambayi matan Kurfi da Dutsin-Ma dalilin da ke hana su komawa asibiti, mu samu alƙaluman kanmu.

Ga iyayen ƙasa da limamai, roƙona shi ne ku gaya wa magidanta su ba da izinin asibiti tun ciki yana ƙarami, kowa a gidan ya ji, su kuma ajiye kuɗin mota. Ga ’yan’uwana ma’aikata kuwa, ba sai kun jira takarda daga Katsina ba. Wadda ke da aikin dare a wannan mako, idan mai naƙuda ta zo da ’yar rakiya, ta sa a ba ta kujera a gefen gado.

Allah ya sauki matanmu lafiya, ya raya abin da suka haifa.