Gwanjon Gida da Gona: Wa Ke Yanke Farashi?



Magana guda nake so in kare a gabanku yau. Gwanjo halal ne a Musulunci, dokar ƙasa ma ta amince da shi, amma ba ya fitar da farashin gaskiya sai masu tayi sun taru da yawa, sun san abin da za su saya, suna da kuɗi a hannu, kuma ba su haɗa baki ba. A kasuwar hatsi ta Sara waɗannan sharuɗɗa suna haɗuwa da kansu kowane mako, shi ya sa ba mai iya karyar wa manomi buhun ridi da rabin kuɗinsa. A kan gona ko gida kuwa ba sa haɗuwa sai kotun da ta ba da umarnin sayarwa ta tashi tsaye ta haɗa su. In ba ta yi ba, abin da za a kira gwanjo karyar da dukiyar talaka ne, an dai buga masa hatimin hukuma.

Hanya uku ce ke kai gona ko gida gaban mai gwanjo: bashin da kotu ta tabbatar aka kasa biya, jinginar da aka yi wa banki, da gadon da ba ya rabuwa. Ta ukun ta fi kusa da kowane gida a nan ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, domin gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ashirin ke kallonta, kuma gidan da ke da zaure ɗaya da rijiya ɗaya ba ya yankuwa kashi goma sha biyu. Duk ta inda aka biyo, tambayar ɗaya ce: su wa za su tsaya su taya?

Mu ɗauki gona a gefen Kiyako ko Basirka. Wanda ya fi kowa sanin darajarta shi ne maƙwabcin iyaka. Ya san inda ruwa ke kwanciya, ya san shekarun da aka yi ana kai mata taki, ya san ɗorawa da tsamiyar da ke cikinta da abin da suke bayarwa. Amma shi ne ba zai ɗaga murya ba, saboda gobe sahu ɗaya za su tsaya da mai gonar a masallaci, kuma ba ya so a riƙa nuna 'ya'yansa ana cewa ga waɗanda ubansu ya saye gonar wane ranar da ya shiga uku. Wannan kunya abin yabo ce, sai dai tana fitar da mafi kyawun masu tayi daga fili. Sai a bar baƙo da dillali. Baƙo bai san gonar ba, yawancin gonakinmu kuma ba su da takardar shaidar mallaka, iyakarsu tana cikin kan dagaci da dattawa, don haka duk abin da zai taya sai ya cire ladan rigimar da yake tsoro. Dillalai uku ko huɗu da suka rage sun san juna, ba wuya su daidaita tun a rumfar mai shayi: ɗaya ya taya, sauran su yi shiru, a raba riba daga baya. Sannan ga lokaci. Gwanjon da aka yi a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, kuɗin kowa yana cikin taki da ƙwadago, ba zai taɓa yin daidai da na bayan kaka ba, alhali gonar ita ce dai. A ciniki na yau da kullum mai kaya yana da makami ɗaya: in tayi bai yi masa ba ya ce albarka, ya tafi da kayansa. Gwanjon tilas ya ƙwace masa wannan kalma, don haka dole wani ya riƙe masa ita, kuma ba wanda ya cancanta sai alƙali.

Dokar ƙasa ba ta jahilci wannan haɗari ba. Dokar zartar da hukuncin kotu, wadda muka gada tun 1945, ta hana a taɓa gida ko fili sai an nemi dukiyar da ake iya ɗauka an ga ba ta isa ba, kuma sai da izinin kotu na musamman. Ta ba da kwana 21 bayan sayarwa domin a nemi rushe cinikin idan an tafka kuskure babba wajen gudanar da shi. Sashe na 21 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ce filin da ake riƙe da shi bisa al'ada ba a sayar da shi da umarnin kotu sai da amincewar gwamna, a sauran ciniki kuma sai da yardar ƙaramar hukuma. Kotun Ƙoli ta nuna nauyin irin wannan amincewa a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda jinginar da aka yi ba da izinin gwamna ba ta rushe. Amma ku duba gurbin da aka bari. Dokar ta 1945 ta keɓe tufafin mutum da shimfiɗarsa da kayan sana'arsa daga kamu, zuwa ƙimar naira 10, adadin da yau ko ruwan leda ba ya saye. Ta kare fartanya da garma ke nan, ta bar gonar da za a yi aiki da su a cikinta. Kwana 21 ɗin nan ma, manomin Fagam da bai taɓa jin labarinsa ba, ba shi kuma da kuɗin lauya a Dutse, yana wuce shi kafin ya gama jimamin abin da ya same shi.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Jigawa ke hukunci da shi, ya fi zurfafa tunani a nan. Asalin halaccin gwanjo hadisi ne da Abu Dawuda ya ruwaito: wani mutumin Madina ya zo roƙo, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa ya kawo shimfiɗa da ƙwaryar shansa, aka taya dirhami ɗaya, ya nemi ƙari aka kai biyu, ya umarce shi ya sayi abinci da ɗaya, gatari da ɗaya. Wancan gwanjo ya ƙare ne da mutum ya sami abin sana'a a hannunsa. Shari'a ta kuma haramta najashi, wato ƙara tayi ba da niyyar saye ba don a yaudari wani, malamanmu kuma sun hana a haɗa kai da dukkan masu tayi don su janye. Game da wanda bashi ya cinye, Muhtasar na Shehu Halilu ya tsara cewa a sayar da kayansa a gabansa, a bar zaɓin kwana uku ko wani zai zo da ƙari, a gaggauta sayar da dabba, amma gida da fili a jinkirta su kamar wata biyu ana neman mai saye. Wannan malami da ya rayu a Masar a ƙarni na 14 ya gane abin da muke mantawa: ƙasa ba ta ruɓewa, ba ta cin harawa, don haka ba dalilin gaggawa a kanta sai son zuciya.

Na san abin da mai bin bashi zai ce, kuma yana da gaskiya. Shi ma talaka ne sau da yawa, ɗan kasuwar da ya ba da taki bashi, ko bazawarar da ta ranta kuɗin gadonta. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mazhabarmu ba ta keɓe ko gidan zaman wanda ake bi daga sayarwa ba, saɓanin Hambaliyya. Akwai kuma darasi daga Masar. A 1912 aka kafa dokar da ta hana ƙwace gonar manomin da bai mallaki fiye da fadan biyar ba, kusan eka biyar ke nan. Gonaki sun tsira, amma masu ba da rance na hukuma suka ja baya daga ƙananan manoma, tunda ba abin da za su riƙe. Saboda haka ba na kiran a haramta sayarwa. Abin da nake cewa, farashi mai kyau amfanin mai bin bashi ne kafin kowa. Gonar da aka karyar da rabin ƙimarta tana iya kasa biyan bashin, ya tashi da hukunci a takarda da gaba a gari. Wata biyu na jira da shela ya fi masa shekara biyu na ɗaukaka ƙara.

Wasu kuma za su ce gwanjo a bainar jama'a ya fi cinikin ɗaki, inda babban wa da dillali ke sallamar da gonar gado su kawo wa ƙanne abin da suka ga dama. Wannan ma gaskiya ne, kuma mata ne suka fi cutuwa da cinikin ɗaki, domin 'yar da ke aure a Kano ko Bauchi takan ji labari ne bayan an gama. Amma maganin ɓoye ciniki shi ne bayyana ƙima, ba gaggauta sayarwa ba. Baƙaƙen fatar kudancin Amurka sun yi asarar gonakin gado masu yawa ta wannan hanya: wani ya sayi kason magaji ɗaya, ya nemi kotu ta raba, kotu ta yi gwanjon gonar duka, shi ya saye da araha. A 2010 aka tsara musu dokar da jihohi fiye da 20 suka karɓa: a fara ƙiyasta ƙimar filin, a ba sauran magada damar sayen kason mai son fita, a fifita raba ƙasar a kan sayar da ita, in dole ne kuma a kai ta kasuwa a tsanake. Mu muna da shuf'a tun farkon Musulunci, haƙƙin abokin tarayya ya karɓi kason da aka sayar wa bare a kan farashin da aka sayar. Abin kunya ne a ce magada da yawa a ƙasarmu ba su san da ita ba sai ranar da ta kuɓuce musu.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kotunanmu ba. Kafin a sa ranar gwanjo, mutane biyu ko uku da suka san ƙasa, waɗanda ba su da la'ada a cinikin, su taka gonar tare da dagaci su rubuta ƙimarta, kuma wannan ƙima ta zama ƙasan da ba a sallamawa in tayi bai kai shi ba. Ƙiyasin ya kula da inda gonar take, domin wadda ke bakin titin Kano ko bayan Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu fulotai ce masu jiran awo, zalunci ne a ƙiyasta ta da yawan daman geron da take bayarwa. A yi shela a masallatan Juma'a da kasuwannin Sara da Babaldu da gidan rediyo, ba takarda ɗaya da aka manna a bangon kotu da Turanci ba. In akwai amfani a tsaye, a jira a girbe. In yanki ɗaya na gonar zai biya bashin, a yanka shi a bar saura, in kuma hayar shekara uku za ta biya, a gabatar wa mai bin bashi da wannan tukuna. Ma'aikacin kotu da danginsa na kusa kada su taya, ko da bakin wani. Bayan an sallama, a karanta lissafi a gaban alƙali: nawa aka sayar, nawa bashi, nawa la'ada, nawa kuɗin kotu, nawa ya rage. Ragowar a damƙa wa mai ita hannu da hannu, in kuma gado ne a kira kowace mace da sunanta ta karɓi kasonta da kanta, ko ta aiko wakilin da ita ta zaɓa, da shaidu biyu da suka ji daga bakinta.