Shanyewar Ɓarin Jiki a Tsakanin Yara Masu Amosanin Jini



Yawancinmu mun ɗauka shanyewar ɓarin jiki ciwon tsofaffi ne. Saboda haka idan yaro ya wayi gari hannu da ƙafa sun saki, baki ya karkace, sai a ce iska ce ta buge shi, a nufi wurin mai turare. Alhali sau da yawa amosanin jini ne, wato sikila.

Ƙwaƙwalwar babban mutum tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, ta yaro kuwa ta zarce haka. Jajayen ƙwayoyin jini ke kai mata wannan iska. Ga mai sikila, ƙwayoyin kan lanƙwashe kamar lauje, su mutu da wuri. Sai jini ya ƙara gudu domin cike giɓin, jijiyoyi su yi ta ƙunci har wata ta toshe. In babu rigakafi, kusan yaro 1 cikin 10 kan shanye kafin shekara 20. Wasu kuma ciwon kan taɓa su a ɓoye, sai dai malami ya ga karatu ya ja baya.

Abin farin ciki, ana iya hango haɗarin. Akwai awon TCD, na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini, ba allura, ba zafi. Idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaro na cikin haɗari. A 1998 bincike a Amurka ya nuna ƙarin jini a kai a kai yana hana shanyewar, amma wane manomi zai iya wannan kowane wata? Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsu suka gwada maganin haidroksiyuriya a Kano da Kaduna. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna yana rage haɗarin ƙwarai.

'Yan'uwa, awon yana birni, yaran suna ƙauye, mu ne tsakani. Kowa ya binciki danginsa, duk mai sikila daga shekara 2 zuwa 16 a kai shi awo kowace shekara, mu ɗauki nauyin mota da masauki. Kada kuma mu yi wasa da gwajin jini kafin aure, wanda Jihar Kano ta mai da doka a 2024. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya raya mana zuri'a.