Ranar da aka kashe mana sabis

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su su saurara ba.

Ina yi muku magana daga Rawayya, a ƙaramar hukumar Bunguɗu. Ina gaida masu bibiyarmu na Gusau, da na Tsafe, da 'yan uwanmu da ke ci-rani a Legas da Abuja.

Bayan shirin makon jiya wani ya rubuto mani ya ce: "Malam, kai ma dai. Mu da ba mu iya zuwa gona, kana yi mana zancen 'yancin intanet? Wannan ai zancen 'yan birni ne da suka ƙoshi." Ban ji haushinsa ba, don ni ma da bakina na taɓa faɗin haka. Shi ya sa yau zan ba ku labarin abin da ya canza mani tunani. Mutanen Zamfara kun san labarin, kun rayu a cikinsa. Sauran kuma ku saurara, don abin da ya same mu zai iya samun kowa.

Ranar 1 ga Satumban 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandare ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun, suka kwashe ɗalibai 73. Ba a daɗe da na Jangebe ba, inda aka sace ɗalibai mata 279 a watan Fabrairun shekarar. Kowa ya gaji. Kwana biyu bayan na Kaya, ranar Juma'a 3 ga wata, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a duk faɗin jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnan lokacin, Bello Matawalle. Takardar ta ce na mako biyu ne a matakin farko. Dalilin da aka bayar shi ne a katse hulɗa tsakanin 'yan bindiga da infoma masu kai musu rahoto, a ba sojoji damar aiki. A daidai wannan lokacin aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka hana jigilar shanu.

Zan faɗa muku gaskiya: na goyi baya. Ina zaune a majalisa na ce, in dai wannan zai kawo ƙarshen abin nan, a kashe sabis ɗin ko na shekara ne. Lokacin na gama jami'a ina zaman jiran bautar ƙasa, a ganina waya ai hira ce da Facebook da kallon ƙwallo. Mako biyu babu su, me zai ci mutum?

Kwana uku kacal na gane ban san garinmu ba.

Mai POS ɗin bakin hanya ya rufe, don na'urarsa ba ta aiki sai da sabis. To ashe gidaje da yawa a unguwarmu ta hannunsa suke cin abinci. Ɗa yana acaba ko dako a kudu, ya turo dubu biyar, uwa ta aika a karɓo. Wannan igiyar ce aka yanke. Mai kayan miya da ke buga waya Gusau ya ji farashi kafin ya ɗauki mota, ya koma tafiya a makance. Mai haƙuri a gida da ake kiran mai mota ya kai shi asibiti, sai dai a tashi yaro da gudu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne dare. Da, in an ga baburan da ba a yarda da su ba sun gifta wani ƙauye, kafin minti biyar labari ya zo mana, mutane su kintsa. Yanzu shiru. Kuma shirun da ba ka san abin da ke cikinsa ba ya fi ƙarar bindiga hana barci.

Da aka ji zan tafi Funtuwa neman sabis, don a makon farko can ake samu, sai gidanmu ya cika. Na ɗauko littafin makaranta na rubuta lambobi da saƙonni, shafi huɗu. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta miƙo mani lamba a jikin kwalin ashana ta ce: "Ɗana, in ka tai ka bugo ma yaron ga, ka ce mishi hatsi ya ƙare. Ka ce mishi lahiyarmu lau, kar hankali nai ya tashi." Ku ji fa, hatsi ya ƙare, amma kar hankalinsa ya tashi.

Wanda ya san hanyar Gusau zuwa Funtuwa, ta Kwatarkwashi da Tsafe da 'Yankara, ya san ba hanya ce da ake bi don nishaɗi ba. Muna cikin mota kowa na ta addu'a, sai na ce a raina: an kashe waya don a kare mu daga mutanen daji, ga shi don mu buga waya mun biyo ta bakin dajin da ƙafarmu. Da muka doshi Funtuwa wayoyin cikin motar suka fara ƙara gaba ɗaya, wani na dariya, wata na kuka.

Ba a jima ba Funtuwar ma aka rufe ta, tana cikin ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina da aka katse. Sakkwato ta bi da ƙananan hukumomi 14, sannan wasu sassan Kaduna. Mai son waya sai ya nausa hanyar Zariya. Mako biyun da aka ce ya wuce, babu wanda ya zo ya ce mana ga ranar da za a buɗe.

A mako na uku Allah ya yi wa kakata rasuwa. Tsufa ne da jinya, ban ɗora wa kowa alhakin mutuwarta ba, kwananta ne ya ƙare. Amma ɗanta namiji ɗaya tilo, kawuna, yana Agege yana sana'a. Aka yi mata sutura, aka kai ta makwancinta, aka yi zaman makoki, shi yana can bai sani ba. Sai da na samu kuɗin mota na fita, na tsaya a bakin titi na kira shi.

Na ce: "Kawu, sai dai ku yi haƙuri. Kaka lokaci ya yi."

Ya yi salati, ya ce: "Yaushe? Bari in nemi motar dare."

Na ce: "Kawu, yau kwana huɗu."

Ya yi shiru har na duba wayar ko ta katse. Can ya ce: "Jiya na sai mata turmin atamfa."

Tun daga ranar nan ban sake cewa waya kayan hira ba ce.

An dawo wa birnin Gusau da sabis ranar 1 ga Oktoba. Sauran jihar kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Mako biyu ya zama kusan wata uku.

To yanzu ku kwatanta da wani abu da ya faru a wannan shekarar dai. A watan Yunin 2021 gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter, aka yi kwana 222 kafin a buɗe ranar 13 ga Janairun 2022. Kun tuna irin hayaniyar da aka yi. Jakadun ƙasashen waje sun yi magana, lauyoyi sun tashi, ƙungiyoyi irin su SERAP sun kai ƙara, har kotun ECOWAS ta yanke hukunci a watan Yulin 2022 cewa dakatarwar ta saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. Sun kyauta, ban raina ƙoƙarinsu ba. Amma wanda aka rufe wa Twitter yana iya sa VPN ya zagaya, yana iya kiran uwarsa, yana iya tura kuɗi. Mu kuwa miliyoyin mutane aka ɗauke wa komai, kira da saƙo da intanet, kuma hayaniyarmu ba ta kai rabin tasu ba. Dalili a fili yake: wanda aka kashe wa sabis ba shi da inda zai yi kukan an kashe masa sabis. Dalili na biyu kuma laifinmu ne: ba mu ma san muna da wani haƙƙi a cikin zancen ba.

Muna da shi kuwa. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin faɗar ra'ayi da karɓar bayanai da isar da su. Sashe na 37 ya kare sirrin wayarka da wasiƙunka. Kada in ɓoye muku ɗaya gefen, sashe na 45 ya yarda a taƙaita waɗannan haƙƙoƙi saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a, amma da sharaɗi: ya zama bisa doka, kuma ya zama abin da hankali zai ɗauka a ƙasar da ake dimokuraɗiyya. Kenan kalmar tsaro ba ita ce ƙarshen magana ba, ita ce farkonta. Ba kuma mu kaɗai muka taɓa shiga wannan hali ba. Gwamnatin Togo ta kashe intanet lokacin zanga-zangar Satumban 2017, 'yan ƙasar suka kai ƙara, a watan Yunin 2020 kotun ECOWAS ta ce an tauye musu haƙƙi. Togo fa, nan kusa da mu.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mani a gabana: "Kai ba ka san infoma na nan ba?" Na sani sarai. Akwai wanda muke sallah sahu ɗaya da shi, da dare ya buga wa mutanen daji waya. Ba na musun wannan, ba na kuma cewa waɗanda suka yanke shawarar nan mugunta suka nufa da mu. Abin da nake tambaya shi ne, don a kama mutum ɗaya, dole sai an toshe bakin gari guda? Tun Disambar 2020 aka ce mu haɗa layukanmu da lambar NIN. Mun yi layi cikin rana, mun ba da hoton yatsu da na fuska, aka ce da wannan za a riƙa gano masu laifi. To ga bayananmu nan a hannu, kuma har gobe da waya ake cinikin kuɗin fansa. Shi kansa Isa Ali Pantami, wanda ya jagoranci haɗa layi da NIN yana ministan sadarwa, ya fito a Janairun 2024 yana kokawa cewa ba a amfani da bayanan yadda ya kamata. Idan akwai hanyar bin layin mai laifi shi kaɗai, me ya sa za a fara da kashe na mai jego da na mai POS?

Saboda haka ga abin da nake so mu riƙe, mu matasa, duk ranar da aka sake kawo zancen kashe sabis, a Zamfara ne ko a wani wuri. Kada mu yi saurin tafi kamar yadda na yi, kada kuma mu yi zagi. Mu yi tambaya huɗu.

Ta farko: wace doka ce ta ba da iko, kuma wa ya sa hannu? A nuna mana takardar, a karanta ta da Hausa a rediyo.

Ta biyu: ranar nawa za a buɗe? In za a ƙara wa'adi, a dawo a yi bayani, majalisar jiha ta zauna a kai. Ba a ce mako biyu ba sannan a yi gum.

Ta uku: me aka tanadar wa marar lafiya, da mai haihuwa, da garin da aka kawo wa hari cikin dare? Wa za su kira, kuma da me?

Ta huɗu: bayan an gama, ina lissafi? Infoma nawa aka kama, mutum nawa aka ceto, me 'yan kasuwa suka yi asara? In abin ya yi amfani a nuna mana, mu ne za mu fara godiya. In bai yi ba, kada a maimaita a kan wasu.

Wannan ba adawa ba ce, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Kuma ba sai kana da digiri za ka yi waɗannan tambayoyin ba. Kansilanka a garinku yake, ɗan majalisar jiharka yana zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya, zaɓe kuma yana tafe. In ya zo neman ƙuri'a, bayan zancen taki da rijiya, ka ƙara masa da wannan.

Akwai kuma aikin da ke kanmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai faɗa ba, wani ne zai rubuta cewa ɗakin lafiya lau. Labarin wata ukun nan yana cikin kawunanmu kawai, kuma kai yana mantuwa. Ina roƙon duk wanda ya rayu a ciki, daga Bunguɗu, Tsafe, Gusau, Ƙaura, Shinkafi, ko'ina, ya ɗauki muryar mahaifiyarsa ko ta maƙwabcinsa, da izininsu, ya tambaye su me suka rasa, me kuma suka ga ya gyaru. Har wanda yake ganin matakin ya taimaki garinsu, shi ma muna son jin nasa. Kada ku sa sunan kowa, kada ku faɗi abin da zai jefa wani cikin haɗari. Ku turo mana ta saƙo, mu tara, mu karanta a wannan shirin.

Shi kuma ɗan uwana da ya ce zancen 'yan birni ne, ga amsata. Ɗan birni in an rufe masa manhaja ɗaya, yana da goma. Wanda ya fi kowa buƙatar wannan haƙƙin shi ne mutumin ƙauye, wanda ƙaramar wayar nan mai tocila ita ce bankinsa, ita ce motar asibitinsa, ita ce mai gadinsa. Littafin nan mai shafi huɗu yana nan a akwatina har yau, da kwalin ashanar a ciki.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, da gyaran da aka yi mata a 2024, mu ga me za ka iya rubutawa a kan mai mulki, me kuma zai iya jawo maka kwana a caji ofis.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da Arewa baki ɗaya.