Takardun Jabu da Sunan Nijar: Jawabi a Asamaka

Ƴan kasuwa da ma'aikatan Asamaka.

A 2002 wasu takardu masu hatimin Nijar suka ɓulla a birnin Rum, wai ƙasarmu ta yarda ta sayar wa Saddam Husaini tan 500 na yuraniyom. Ran 28 ga Janairu 2003, Shugaba Bush ya shaida wa majalisar Amurka cewa Iraƙi ta nemi yuraniyom a Afirka.

Ku da kuka san hanya, ku auna: tan 500 lodin mota nawa ne? A lokacin, gangunan SOMAIR da COMINAK a ƙidaye suke barin Arlit, su bi ta Tawa zuwa Kwatano, kamfanin Cogema na Faransa yana sa ido. Jakada Joseph Wilson ya zo Yamai tun Fabrairun 2002, ya koma ya ce da wuya a yi wannan ciniki.

Maƙirƙiran ma ba su iya ƙarya ba. Wasiƙar Oktoban 2000 ta sa Allele Elhadj Habibou ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. Ko masinjan ma'aikatar ya san haka. Ran 7 ga Maris 2003, ElBaradei ya gaya wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne. Bayan kwana 13, bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza.