Kafin a Kafa Turken Farko: Yadda Ake Tsara Kwatar Jirgin Ruwa



An nemi in yi magana kan yadda injiniya zai tsara kwata, wato matsayar jiragen ruwa, tun daga tunani har zuwa zane. Zan ɗauki misalina daga Yawuri da garuruwan gaɓar tafkin Kainji.

An kammala madatsar Kainji a 1968, amma tun kafin nan ruwan kogin wannan yanki sau biyu yake cika a shekara. Farin ruwa yana zuwa da damina, ɗauke da laka daga ruwan saman da ya sauka a nan kusa. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, sai da sanyi yake iso mu, ya riga ya tace. Tsakanin cikar tafkin da janyewarsa akwai tazarar mitoci da dama. Wanda ya zo a Janairu ya auna gaɓa sau ɗaya, ya koma ofis ya zana dandamalin siminti, to a watan Yuni zai tarar da gininsa a tudu, jirage na can nesa, mata da goyo suna taka taɓo.

Shi ya sa nake cewa aikin farko zama ne. A zauna da Sarkin Ruwa, da masu jirage, da masunta Sarkawa. Su suka san inda igiyar ruwa ke da ƙarfi, da inda kututturan bishiyoyin da tafkin ya haɗiye suke ɓoye, da lokacin da kainuwa ke toshe hanya. A haɗa abin da suka faɗa da ma'aunin ruwa na shekaru masu yawa, a kuma je ranar kasuwa a ƙirga da ido: jirage nawa, buhunan albasa da shinkafa nawa, shanu da babura nawa. Saniya ba ta hawa matakala. Gangare take so mai sauƙi, mai kaushi, wanda kofato ba zai zame ba.

Bayan haka sai gwajin ƙasa, a haƙa a ga zurfin da turaku za su sami ƙasa mai tauri. Sai zaɓin siffa. A irin wannan ruwa na fi amincewa da dandamali mai iyo, wanda aka haɗa da gaɓa ta gada mai motsi, yana hawa yana sauka tare da tafkin. Zanen kuma ya bi ta hannun hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, da ke Lakwaja, wadda aka kafa a 1997.

Abu ɗaya ne ya fi damuna. A watan Mayu na 2021 jirgi ya kife kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da yawa suka rasu, Allah ya jiƙansu. Inda ake shiga jirgi ta ko'ina a bakin gaɓa, babu mai iya ƙirga fasinja. Don haka a zanen da nake ba da shawara ƙofar shiga ɗaya ce, faɗinta mutum biyu, da rumfa a gefenta inda ake rubuta suna a miƙa wa kowa rigar kariya kafin ya taka gada. Rumfar nan a sa kuɗinta cikin kasafin farko, tare da albashin wanda zai zauna a cikinta.